Iyon Kududdufi da Iyon Popov

Daga watan Yuli zuwa Satumba, idan damina ta zauna a ƙasar Makarfi, duk ramin da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini sai ya koma kududdufi, fadamun rake kuma su cika su batse. Haka abin yake a Gazara, haka a Hunƙuyi ta Kudan, haka a ƙauyukan Ikara. A nan yaran yankin ke koyon iyo, a makarantar da ba ta da malami. Yaro zai tsaya a gaɓa yana kallon yayyensa. Wata rana ya rungumi jarka mai murfi ya bi su, wata rana kuma wani ya fizge jarkar ya ce, "Kai ƙanena, buga ƙafa mana!" Ya sha ruwa, ya fito yana tari, ya sake komawa, shi ke nan ya iya. Da yamma ya shiga gida ido jawur, jiki furu-furu, Inna ta dube shi sau ɗaya ta san inda ya wuni.

Yau kuma duk matashin da ke da waya da ɗan data yana iya zama ƙarƙashin bishiya ya kalli gwanayen duniya suna tsere a ruwa. Zai ga ɗan Sin, Pan Zhanle, ya cinye mita 100 cikin daƙiƙa 46.40 a gasar Olamfik ta Paris a 2024, ya ji jikinsa na tsuma. Koyo da ido ba sabon abu ba ne a wurinmu, da shi ake koyon dambe da kokawa da huɗa. Sai dai iyo yana da wata matsala da waɗancan ba su da ita: aikinsa na gaskiya a ƙarƙashin ruwa yake. Ruwan kududdufi ja ne, ko tafin hannunka ba ka gani in ka nutsa shi. Abin da ƙane ke iya ɗauka daga yayansa shi ne abin da ke sama, wato ɗaga kai, da dukan ruwa, da fantsama. Mai ɗaukar hoton gasa shi ma galibi saman yake nunawa, hannu na wulwulawa cikin iska, kumfa na tashi. Hannun da ke cikin iska kuwa ba ya tura mutum ko taku ɗaya, komawa kawai yake yi. Don haka yaron da ya kwaikwayi ɗan tsere daga waya yakan ƙara wa tsohon kuskurensa sauri ne kurum.

Shi ya sa nake ganin in za a yi nazarin gwani ɗaya, Alexander Popov na Rasha ya kamata a zaɓa, ko da yake hotunansa sun tsufa. An haife shi a 1971. Ya ci zinaren mita 50 da na mita 100 a Barcelona a 1992, ya sake haɗa su duka biyu a Atlanta a 1996. Kafin shi, rabon da wani ya kare kambun mita 100 a Olamfik tun Johnny Weissmuller a 1928. A 1994 ya kafa tarihin daƙiƙa 48.21 a Monaco, tarihin da ya tsaya har shekarar 2000. Amma ba lambobin ne abin koyi ba. Abin koyi shi ne yadda kocinsa, Gennadi Touretski, ya horar da shi a Canberra ta Ostireliya. Ɗan tseren da aikinsa bai kai minti guda ba, sai ga shi yana shafe sa'o'i yana iyo a hankali, hannu ɗaya bayan ɗaya, ba ƙara ba fantsama, kocin na lura da kowane motsi. Ra'ayin Touretski shi ne duk motsin da jiki bai iya yi daidai a hankali ba, ba zai yi shi daidai cikin sauri ba.

Dalilin yana cikin halin ruwa kansa. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, kuma idan ka ninka saurinka sau biyu, turjiyarsa takan ninku kusan sau huɗu. Ƙarfi kaɗai ba ya cin wannan yaƙin. Manomin rake zai gane batun nan take: ɗauki sandar rake ka tura ta cikin ruwa ta tsini, za ta sulale, juya ta a gicciye ka tura, za ka ji ruwa ya riƙe ta. Mai iyon kududdufi a gicciye yake tafiya bai sani ba. Da zarar ya ɗaga kai don ya ga gabansa, ƙugunsa da ƙafafunsa sun nutse, ƙirjinsa ya zama bango. Popov kuwa kwance yake shimfiɗe a saman ruwa, fuska na kallon ƙasa, ƙugu a sama. Hannunsa kan shiga ruwa a gaban kafaɗa, ya miƙe har ƙarshe, sannan yatsu su sunkuya ƙasa alhali gwiwar hannu tana sama, ta yadda tafi da damtse za su haɗu su kama ruwa mai yawa su tura shi baya har wajen cinya. Jikin duka yana mirginawa gefe zuwa gefe, daga ƙugu har kafaɗa, shi ya sa ƙarfin bayansa ke shiga cikin jan, ba na hannu kaɗai ba. Bugun ƙafarsa daga cinya yake tasowa, ƙanana, idon sawu a sake. Sakamakon shi ne kowane hannu guda yana kai shi nesa, har ya riƙa isa bango da ƙarancin bugu fiye da abokan karawarsa, mai kallo ya ɗauka ba ya sauri.

Numfashi ne ƙashin bayan wannan duka, kuma a nan yawancin masu koyo ke faɗuwa. Yaro yakan riƙe numfashi yana cikin ruwa, sannan ya ɗago kai yana so ya fitar da tsohuwar iska ya shaƙi sabuwa a lokaci guda. Lokacin ba ya isa, sai haki ya kama shi, sai tsoro ya biyo. Gwani yana fitar da iska a hankali ta hanci da baki tun fuskarsa na cikin ruwa, in ya mirgina sai ya juya kai kaɗan, kunne ɗaya na cikin ruwa, ya shaƙa. Wanda bai iya wannan ba, duk abin da zai kwaikwaya daga baya aikin banza ne.

Ba na so a fahimce ni a matsayin mai raina iyon gida. Ɗaga kai a kududdufi yana da hujja: ba layi a ƙasan ruwa, ba igiyar raba hanya, akwai kututture da ƙaya da wasu yaran, dole ka ga inda za ka. Kuma salon nan na rub-da-ciki da musayar hannu ba Turawa suka ƙirƙiro shi ba. A 1844 wasu mutum biyu daga ƙabilar Ojibwe ta Amurka ta Arewa sun yi shi a Landan, Ingilawa suka ga rashin kyan gani ne suka ci gaba da iyonsu irin na kwaɗo. Sai wajen 1900 wani yaro daga tsibiran Solomon, Alick Wickham, ya nuna shi a Sydney, aka ɗauka aka gyara. Mu ma muna da gwanayenmu. Wanda ya taɓa ganin Kabanci a bikin kamun kifi na Argungu, bikin da UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2016, ya ga masunta suna nutso da tseren iyo da kamun agwagwar ruwa da hannu a kogin Matan Fada. Waɗannan sun san ruwa mai gudu, sanin da ɗan gasar da ya tashi a ruwan famfo ba lallai ya mallaka ba. Inda iyon kududdufi ya gaza shi ne tattalin ƙarfi. Yana koya wa yaro ƙarfin hali, ya bar shi da salon da ke cinye numfashinsa tun bai yi nisa ba.

Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai, kuma da wannan ma'aunin ya kamata a auna duk abin da aka gani a waya. Ɗan tseren mita 50 sau da yawa ba ya numfashi ko sau ɗaya har ya taɓa bango. Yana yin haka ne a ruwa garai-garai, masu ceto na tsaye a gefe. Yaron da ya gwada wannan a fadama, ko ya shiga gasar daɗewa a nutse da abokansa, yana iya suma a ƙasan ruwan da ba mai hango shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, yara da matasa ne kaso mai yawa. A ƙarshen Nuwamban 2021 jirgin ruwa ya kife a Bagwai ta jihar Kano, mutum aƙalla 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. A irin wannan rana ba saurin Pan Zhanle ake bukata ba. Ana bukatar mutum ya iya juyawa rigingine ya kwanta, ya numfasa, ya ja jikinsa a hankali zuwa gaɓa, wato dai darasin Touretski na yin motsi a hankali. Abin da ke ci mini rai shi ne 'yan mata, waɗanda kududdufi ya hana wuri tun suna ƙanana, ba su samu ko da iyon gidan ba, alhali su ma suna ɗiban ruwa a rafi, suna shiga kwalekwale.

Akwai kuma tsargiya, wadda ruwan kwance mai dodon koɗi ke yaɗawa, har wasu iyaye na ɗaukar fitsarin jini a matsayin abin da kowane yaro ke yi. Cuta ce, tana da magani a asibiti, kuma tana cikin kuɗin da ake biya a makarantar kududdufi.

Ga matashin Gazara da ya nace sai ya koya daga gwani, hanyar a bayyane take. Ya nemi hoton da aka ɗauka daga ƙarƙashin ruwa, ya rage saurinsa a waya, ya kalli ƙugu da gwiwar hannu, ya ƙyale kumfa. Ya zaɓi wurin da ruwa bai wuce ƙirjinsa ba, da babban mutum a gaɓa riƙe da doguwar sanda. Ya kafa alama biyu, ya ƙirga hannu nawa ke kai shi daga wannan zuwa waccan, mako mai zuwa ya nemi ya rage ɗaya ba tare da ya yi haki ba.