"Ba sai ka sayi suwic ba": shawarar da ke buƙatar sake dubawa

A watan jiya na je gidan wani yayana a Ƙofar 'Yandaka, cikin birnin Katsina. Yana da kyamarorin tsaro huɗu, da na'urar da ke naɗar hotunansu, da kwamfuta biyu da firinta a shagon da ke jikin gidan. Mai haɗa masa intanet ya sa masa wata 'yar kwamfuta mai ramuka huɗu a matsayin rauta, ya haɗe ramuka uku da abin da ake kira gada, ya ce masa, "Alhaji, ba sai ka sayi suwic ba." Kyamarorin na kan rami ɗaya, na'urar naɗin tana kan wani. Ranar da rautar ta sandare da daddare, babu abin da aka naɗa har gari ya waye.

Wannan shawara ta yaɗu, kuma ba ƙarya ce zalla ba, rabin gaskiya ce. Bari in nuna maka inda ta tsaya.

A ƙa'ida, gada da suwic aiki ɗaya suke yi. Kowace na'ura tana da lambar MAC, su kuma suna koyon wace lamba ce ke bayan wane rami, sai su tura saƙo can kaɗai. An tsara dokokin gada a ma'aunin IEEE 802.1D a 1990, kuma suwic gada ce mai ramuka da yawa. To ina bambancin? A wanda ke ɗaukar kayan. A cikin suwic akwai cif da aka ƙera don wannan aiki kaɗai. A gadar manhaja kuwa, duk ƙunshin bayanai sai ya shiga farosesar rauta ya fito, kamar a ce duk mai zuwa gidan maƙwabcinsa a unguwa sai ya fara bi ta ƙofar gari.

Ka duba lissafin. Waya mai gudun gigabit ɗaya tana ɗaukar kusan ƙunshi 81,000 a daƙiƙa idan manya ne masu bayit 1,500, idan kuma ƙanana ne masu bayit 64 sun kusa miliyan ɗaya da rabi. Cif ɗin suwic ba ya jin wannan. Farosesar ƙaramar rauta kuwa tana yin sa ne tare da raba adireshi da tace abin da ke shigowa daga waje. Shi ya sa idan kana kwafar babban fayil daga wannan kwamfuta zuwa waccan, mai kallon bidiyo a ɗaki zai iya ganin abu yana tsinkewa.

Amma kada in ɗora wa gudu laifin da ba nasa ba. Kyamara huɗu ba su fi 'yan megabit ba, ko farosesa mai rauni za ta ɗauka. Abin da ya cuci yayana shi ne an rataya komai a wuyan na'ura ɗaya. Rauta ita ce ake yawan kashewa a kunna, ita ake sabunta wa manhaja. Da kyamarorin da na'urar naɗin suna kan suwic ɗaya, kowacce da tsayayyen adireshi, da sun ci gaba da magana ko rautar ta mutu.

Yanzu ga inda masu shawarar suke da gaskiya. Yawancin rautocin gida masu ramuka huɗu a baya, da ma akwai cif ɗin suwic a cikinsu, don haka ba ka rasa gudu. MikroTik ma tun RouterOS 6.41 take miƙa aikin gada ga cif ɗin, in na'urar tana da shi. Sannan dole ne a yi gada tsakanin Wi-Fi da waya, kowace rautar gida haka take yi. Ga kuma batun wuta: suwic ƙarin na'ura ce a kan inbata, ko da yake mai ramuka biyar ba ta fi 'yan wat ba. Kuma suwic mai araha yawanci ba ta da kariyar da Radia Perlman ta ƙirƙiro a 1985, wadda ke hana saƙo zagayawa ba iyaka. Yaro ya soka kan waya ɗaya a ramuka biyu, gidan duka ya tsaya.

Abin da nake suka shi ne ba da shawarar ba tare da an duba na'urar ba. Idan aka ce maka ba ka buƙatar suwic, yi tambaya biyu: akwai cif ɗin suwic a cikin rautar nan? Kuma idan aka kashe ta, me zai daina aiki? In amsar ta haɗa da kyamarar tsaro, sayi suwic, kuɗinta bai kai na kyamara ɗaya mai kyau ba. Haka muka yi wa yayana. Muka zare wayar rautar don gwaji, na'urar ta ci gaba da naɗa.