Jidda ta wuce a ratsa ta kawai

Yawancin alhazanmu abin da suka sani na Jidda bai wuce filin jirgi da layin awon kaya ba. Wallahi an yi asara! Garin nan da Larabawa ke yi wa kirari da Amaryar Bahar Maliya ya isa a ware masa kwanaki, a taka shi da ƙafa.

Ka fara da Balad, tsohon gari, bayan la'asar sakaliya. Tun zamanin Halifa Usman ɗan Affan, wajen shekarar 647, Jidda ta zama tashar jiragen ruwan Makka, kuma dukiyar da fatauci ya tara tana nan tsaye a jikin gidaje. Benaye ne hawa huɗu, hawa biyar, da aka gina da dutsen murjani na teku, kowanne da tagogin katako masu sassaƙa da ake kira rawashin, sun turo kai bisa lungu, wasu kore, wasu shuɗi. Iska ta shiga, matan gida su ga titi, mai wucewa bai gan su ba. Kai, masassaƙan nan sun iya! Sai da wuyana ya ƙage don kallo, ban ƙoshi ba. A Gidan Nasif, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925, matakalar tana da faɗi har ana cewa raƙuma kan hau ta da kaya. Ai dole UNESCO ta sa unguwar cikin wuraren tarihi na duniya a 2014.

Daga nan ka gangara Kasuwar Alawi, ƙamshin turaren wuta ya tare ka tun daga baki. Kana cikin cinikin dabino sai ka ji an gaishe ka da Hausa, wataƙila jikan waɗanda suka yi tattaki ta Sudan don sauke farali suka zauna.

Da dare kuwa duk gari bakin teku yake komawa. Iyalai sun shimfiɗa darduma, butar shayi na zagawa, yara na guje-guje, can cikin ruwa maɓuɓɓugar Sarki Fahad tana cilla ruwan teku sama fiye da mita 250. Kada ka kuskura ka bar wurin ba ka ci sayyadiyya ba: shinkafa ce da aka dafa da soyayyar albasa har ta yi duhu, aka ɗora mata kifin da aka kamo a ranar. Ni dai sai da na nemi ƙari.