Sharhin fim: African Apocalypse da mikin da ke Kwatarkwashi

Na kalli African Apocalypse, fim ɗin Rob Lemkin na 2020, tare da wani dattijo maƙwabcina a nan Gusau. Fim ɗin ya bi sawun Kyaftin Voulet, Bafaranshen da ya ratsa ƙasar Hausa ta Nijar a 1899 ya na ƙone garuruwa, ya yi wa Birnin Ƙonni kisan kiyashi, kafin sojojin sa su juya masa baya su harbe shi.

Ƙarfin fim ɗin ya na bakin tsofaffi. Inda jikokin waɗanda aka kashe su ka zauna su na faɗin abin da kakannin su su ka faɗa masu, wani ya yi shiru, wani hawaye ya zo masa, to nan fa fim ya yi fim. Ka ga mutane ne da ba a taɓa zuwa an tambaye su ba, kuma faɗar ma kanta wani sauke nauyi ce. Amma darakta bai bar su sun sake ba. Da tsoho ya ɗauko zance, sai a yanke a koma kan Femi Nylander, matashin da ya zo daga Ingila, da littafin Conrad da ya ke ta riƙo. Haba! Wa ke da ciwon, baƙo ko mai gida?

Da aka gama sai dattijon nan ya ce mani, "To mu namu fa, wa zai ɗauka?" Gaskiyar sa. A Kwatarkwashi, cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, a Fabrairun 1903 dakarun Kano da ke dawowa daga Sakkwato su ka gamu da sojojin Ingila, aka kashe Waziri Ahmadu da jama'a masu yawa. Wallace Wright da ya jagoranci harbin har lambar yabo ya samu a ƙasar su. Mu kuwa kullum mu na wuce dutsen nan a mota in za mu Tsafe, ko waiwaye ba mu yi. Ga labarin haraji, ga ɗiban gwamna da aka yi wa samari zuwa haƙar kuza a Jos lokacin yaƙin Hitila, duk su na nan a bakin 'yan tsofaffin da su ka rage.

Furodusoshin mu su na kashe kuɗi wajen rawa a gindin dutse. Kyamarar nan ɗaya, da mai tambaya mai haƙuri, ta isa a fara da Kwatarkwashi, tun masu riƙe da labarin su na raye.