Jinjina ga 'Yan Bielski na Dajin Naliboki

A 1942, bayan 'yan Nazi sun kashe iyayensu, Tuvia Bielski da ƙannensa Asael da Zus suka shige daji a yammacin Belarus. Yawancin 'yan sari-ka-noƙe masu yaƙar 'yan Nazi daga daji matashi mai bindiga suke so. Tuvia kuwa bai kori kowa ba, tsohuwa ko mai goyo. Har yakan aika mutane Novogrudok da Lida, inda aka killace Yahudawa, su sato jama'a. A dajin Naliboki suka haƙa ɗakuna a ƙasa, teloli na ɗinki, ana gyaran takalma da bindigogi, yara na karatu. Ciyar da wannan taro cikin hunturu ai ya fi harbi wuya. A 1944 sama da mutum 1,200 suka fito da rai.