Aikin Hannu a Tsinga: Na Gida Ne, Ko Kamar Na Gida?

Wanda ya shiga kasuwar masu sana'ar hannu ta Tsinga a birnin Yawunde, ko kuwa ya bi layin masu yadi da teloli a unguwar Briqueterie da ke kusa da ita, magana ɗaya zai yi ta ji daga bakin masu sayarwa, wato "na gida ne". Jaka ta gida ce, takalmi na gida ne, haka tumtum da hula da riga. Ba lalle ƙarya suke yi ba, gama sau da yawa a cikin rumfar ko a bayanta aka yanka aka ɗinka. Amma in an juya jakar an duba cikinta, akan tarar da roba mai kama da fata, da zaren nailan, da gam na gwangwani. Siffa ta kakanni ce, abin da aka yi ta da shi kuwa daga tashar jirgin ruwa ta Duwala ya fito. Ya kamata a auna irin wannan aiki a ga ko ya cancanci sunan da ake ba shi.

Sunan unguwar ma yana tuna da zancen. Ekoudou ne sunan wurin a bakin mutanen Ewondo. Aka ce da shi Briqueterie saboda masana'antar gasa tubali da aka kafa a can a zamanin Jamusawa, inda ake kwaɓa jar ƙasar wurin a yi gini da ita. Fataken Hausawa sun iso Yawunde tun wajen ƙarshen ƙarni na 19, daga baya a zamanin Faransawa aka tattara su a wannan gefe, har ya zama unguwar Hausawa. Sun zo da ɗinki da dukanci da fawa. Yau tubalin jar ƙasa ya zama abin nema a unguwar da ke ɗauke da sunansa, bulon siminti ya cinye wurin.

Ma'auni mafi kyau shi ne zanen nan mai shuɗi da fari da ake kira ndop, wanda sarakunan Bamileke da na Bamun suke daraja. Asalinsa daga wajen Wukari ne, ƙasar Jukunawa, fatake kuma suka kai shi tuddan yammacin Kamaru. Sarki Njoya na Fumban, wanda ya rasu a nan Yawunde a 1933 bayan Faransawa sun raba shi da garinsa, ya kafa masaƙa da marina a fadarsa domin a riƙa yin irinsa a gida. Hanyar da aka fi sani a ƙarni na 20 kuwa ita ce wannan. A ƙauyukan kewayen Garwa mata su kaɗa auduga da mazari, maza su saƙa ta sirara sirara, faɗin kowace saƙa bai fi yatsu uku ba. A haɗa su gefe da gefe har su zama babban farin zane. A kai shi kudu, ƙasar Bamileke, inda za a zana siffofi a kansa, sa'an nan mata su bi layin zanen da allura da zaren tukurwa, su ɗinke shi tam. A sake ɗaukarsa zuwa arewa a tsoma a rijiyar baba. In ya bushe a komo da shi kudu, a warware tukurwar da wuƙa ɗaya bayan ɗaya. Duk inda zaren ya matse, shuni bai shiga ba, nan farin zane yake fitowa. Venice Lamb da Alastair Lamb sun bi wannan hanya sun rubuta ta a littafinsu na saƙar Kamaru da ya fito a 1981.

Mai karatu ya lura da abu guda. Ba ƙasa ɗaya ce ta ba da kayan ba. Auduga da baba na arewa ne, tukurwa ta fadamun kudu ce, kuma babu ɗayansu da zai iya aikin ɗan'uwansa. Tukurwa tana da tauri, ba ta shan ruwan baba kamar zaren auduga, shi ya sa take tsare farin. Baba kuma yana son rana da busasshiyar iska irin ta Garwa. Wanda ya fara haɗa su ya san halin kowanne.

To, a rataye ndop na gaske kusa da wanda injin ya buga, irin wanda ya cika shagunan yadi. Daga nesa na injin ya fi haske, layukansa sun fi miƙewa. Kusa kuwa sai bambanci ya bayyana. Na gaske yana da nauyi a hannu, ana jin gaɓar da aka haɗa saƙa da saƙa. Gaba da baya duk ɗaya ne, domin rini ya ratsa zaren. A gefen kowane farin layi shuɗin yakan ɗan kutsa, ya bar inuwa mai laushi, ana kuma ganin ƙananan hudojin da allura ta bari. Siffa ba ta maimaita kanta daidai, gama hannun da ya ɗinka wannan kusurwa da safe ya gaji kafin ya kai waccan. Na injin bayansa fari fat ne ko kuwa dusu-dusu, siffa ɗaya ce take dawowa bayan kowane taƙi, layin kuma kaifi ne kamar an ja shi da rula. Hoton ndop ne aka ɗauka aka manna a kan yadi.

Duk da haka ba daidai ba ne a zagi mai sayensa. Ndop na gaske kayan sarakuna da manyan fada ne, akan shimfiɗa shi a wurin makoki da bukin sarauta, ba kowa al'ada ta yarda ya ɗaura shi ba, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin talaka. Yadin injin ne ya ba ɗan makaranta da mai tura baro damar sa alamar ƙasarsu a jiki. Laifin yana wajen suna. Idan abu biyu suna amsa suna ɗaya, ɗaya aikin watanni ɗaya aikin minti, mai araha zai kashe mai tsada, tsohuwar da ta iya ɗinkin tukurwa kuwa ba za ta sami yarinyar da za ta zauna ta koya ba. Akwai kuma na tsakiya, wanda aka ɗinka da tukurwa da hannu amma a kan akoko na masaƙa, aka rina da shunin kanti. Wannan ya rasa nauyin na dā da zurfin launinsa, amma ya riƙe abin da ya fi wuyar koyo, don haka ya cancanci a saye shi, muddin an faɗa wa mai saye gaskiyarsa. Gwamnatin Kamaru ta sa ndop cikin kayan gadon ƙasa a 2020. Takarda ba ta hana injin bugawa.

A wajen dukawa zancen ya fi shafar Hausawa kai tsaye. Fatar jan akuyan Sakkwato da Maraɗi ta yi suna har Turai, inda aka daɗe ana kiranta fatar Maroko domin ta can take bi. Majema suna jeme ta da 'ya'yan bagaruwa, a rina ja da karan dafi, baƙi kuma da kuloko, wanda ake haɗawa da kashin maƙera. Marwa ce cibiyar wannan aiki a Kamaru, daga can kaya masu yawa suke gangarowa Tsinga. Tumtum na irin wannan fata yana ƙara kyau da tsufa, jan yana nuna, jikin yana laushi. Na roba kuwa shekara biyu ta ishe shi ya fara ɓarewa kamar mai ƙyasbi. Sai dai a faɗi gaskiya, ba kowace fatar gida ce abin yabo ba. Wadda aka gaggauta jimarta, ba a kankare ta sosai ba, in ta shigo Yawunde mai damina biyu a shekara sai ta yi fumfuna, ta cika ɗaki da wari. Masu saye da yawa wannan ne ya kore su zuwa roba. Kayan ƙasa ba su rufe ha'incin ma'aikaci. Haka kuma fatar kada da ta mesa da hauren giwa duk daga daji suke, amma cinikin haure tsakanin ƙasashe an hana shi tun 1989, baƙon da ya sayi jakar kada kuma yana iya barinta a hannun kwastan.

Ɗinkin riga ba ya bukatar dogon bayani. Aska takwas da tambari suna nan a ƙirjin manyan riguna, teloli na Briqueterie kuma gwanaye ne ƙwarai. Amma shadda ta waje ce, zare na waje ne, keke ne yake tafiya, yanzu har da mai kwamfuta. Zaren tsamiya, wato silikin daji da ake samu daga gidan wata tsutsa, samari da yawa ba su taɓa riƙe shi ba.

Akwai wata ƙasa mai nisa da ta sha irin wannan gwagwarmaya, wato Filifin, tsibiran da ke gabashin Asiya. Abin da ya sa ta dace da zancen shi ne ƙasar ruwa ce da kurmi, ayaba da abarba suna yi a can kamar yadda suke yi a kudancin Kamaru. A lardin Aklan ana kankare ganyen abarba da fasasshen tangaran, a fitar da zare siriri kamar gashi, a wanke, a ƙulla shi ɗaya bayan ɗaya da hannu, a saƙa yadi mai shara-shara da suke kira pinya, wanda ake ɗinka rigar bukinsu da shi. A Disamba 2023 hukumar UNESCO ta sa wannan saƙa cikin gadon 'yan adam, a zama ɗaya da ta karɓi bukin Nguon na Fumban. Abarba kuwa ba 'yar asalin Filifin ba ce, daga Amurka ta Kudu ta zo a zamanin mulkin Sifaniyawa. Baƙuwa ce da hannun mutanen wurin ya koyi halinta har ta zama tasu.

A kudancin ƙasar, wajen tafkin Sebu, matan kabilar Tiboli suna saƙa wani zane mai suna tinalak da zaren abaka, wata 'yar'uwar ayaba. Dabararsu ta yi kusa da ta ndop, sai dai su zaren suke ɗaurewa su rina tun kafin saƙa, baƙi daga ganye, ja daga saiwa, a ƙarshe su goge zanen da wuri har ya yi sheƙi. A 1992 gwamnatinsu ta yi dokar girmama gwanayen sana'ar gargajiya tun suna da rai. Wanda aka zaɓa yana samun kuɗi kowane wata, amma da sharaɗi, sai ya koya wa na baya. Lang Dulay, masaƙiyar tinalak, ta samu a 1998, ta kuma yi ta koyarwa har rasuwarta a 2015. A 2004 aka ba Haja Amina Appi, Musulma daga Tawi-Tawi, saboda tabarmin da take saƙawa da ganyen pandan, mai kama da kaba. Ita da rinin kanti take rina ganyenta, ba wanda ya ce tabarmarta ta daina zama ta gida, domin ita take yanko ganyen, ta cire ƙayarsa, ta dafa, ta shanya, ta lissafta siffar a ka. A shekarar nan ta 2004 kuma aka yi dokar da ta ce a riƙa sa zaren abarba da ayaba da abaka cikin yunifom na ma'aikatan gwamnati, ko da yake an daɗe ana gunaguni cewa ba a bin ta yadda ya kamata.

Kamaru ma ba ta zauna haka kawai ba. Ta yi dokar sana'ar hannu a 2007, ta fara babban baje kolin SIARC a 2008, ta kuma buɗe cibiyar masu sana'a a tsakiyar Yawunde a 2016. Baje koli yana kawo ciniki na 'yan kwanaki. Abin da ya fi ƙarfi a tsarin Filifin shi ne an ɗaura girma da kuɗi a kan almajiri, gama sana'ar da ba ta da yaro a gindinta ta riga ta mutu ko da kayanta suna kan tebur.

Akwai kuma wani zargi da ya hau kan masu sana'ar Briqueterie su kansu. Fiye da shekara 100 ke nan Hausawa suna zaune a cikin kurmi, amma idan suna neman kayan aiki ido biyu kawai suke da shi, ɗaya yana duban Kano da Marwa, ɗaya yana duban Dubai da Sin. Abin da ke tsiro a bayan gari ba su cika kula shi ba. Ga tukurwa. Ga karan nan mai lanƙwasa da masu saƙar kujeru na Mvog-Mbi suke aiki da shi. Ga ganyen abarba da ake bari ya ruɓe a gonakin Awae da Bafia da Penja, ga kututturen ayaba da ake sarewa a yar bayan an cire nono. Kakanninsu da suka yi fataucin zane tsakanin Binuwai da tuddan yamma ba su ƙi tukurwa don ba ta ƙasarsu ba ce.

Ga kuma obom, ɓawon itace da mutanen Beti da Fang suke jiƙawa su buga har ya zama kamar yadi, shi ne tufafinsu kafin zuwan atamfa. Masu ɗinkin yayi a Yawunde da Duwala sun riga sun fara sa shi a riguna da huluna da jakunkuna. Launinsa na ƙasa-ƙasa yana da kyau, amma a yawancin abin da ake gani an manna shi ne kawai a kan wani yadi kamar faci. Rauninsa sananne ne, ba ya son yawan wanki, bakinsa kuma yana saurin yagewa inda hannu ke yawan taɓawa. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da baduku ya iya magancewa tun yana yaro, wato ya yanko siririyar jar fata, ya naɗe bakin da ita, ya bi da basilla, kamar yadda ake yi wa bakin gafaka da kuben wuƙa.