The News Agents: Mutum Uku Da Suka Sa Siyasar Birtaniya Ta Yi Daɗin Ji

Idan kana jin Turanci, kana kuma son siyasa, amma har yau ba ka saurari The News Agents ba, wallahi ana yi babu kai. Shirin murya ne da ake sakawa a intanet daga Litinin zuwa Juma'a, kuma a wurina babu wanda ya kama ƙafarsa.

Mutum uku ke jan ragamarsa: Emily Maitlis, Jon Sopel da Lewis Goodall, dukkansu tsofaffin ma'aikatan BBC da suka koma kamfanin Global a 2022. Sun buɗe shirin a ƙarshen Agusta, sai ga siyasar Birtaniya ta kama da wuta kamar dama su take jira. Ranar 6 ga Satumba Liz Truss ta zama firaminista. Bayan kwana biyu Sarauniya Elizabeth ta rasu. Ranar 23 ga wata ministan kuɗi Kwasi Kwarteng ya karanta ƙaramin kasafin da ya kayar da darajar fam, kuma ranar 20 ga Oktoba Truss ta sanar da murabus. A waɗannan makonnin shirin ya kama ni. Kullum sai an wayi gari da sabon rikici, kafin dare kuma waɗannan ukun sun warware maka shi zare da abawa.

Masu sauraro kowa da gwaninsa. 'Yan ɓangaren Maitlis ba sa gajiya da tuna hirar da ta yi da Yarima Andrew a 2019, wadda bayanta ya janye daga ayyukan gidan sarauta. Suna da gaskiya, matar nan ta iya tambaya! Ba ta ɗaga murya. A Maris na 2024 ta tare 'yar majalisar Amurka Marjorie Taylor Greene a Mar-a-Lago, gidan Donald Trump, ta tambaye ta a kan labaran ƙanzon kuregen da take yaɗawa. Greene ta ƙunduma mata ashar ta juya, ita kuwa Maitlis godiya ta yi mata. Wannan sanyin kai ba a saye a kasuwa.

Sopel shi ne dattijon zama, mai raha, mai tarin labarai. Ya shekara da shekaru yana wakiltar BBC a Amurka, har Trump ya taɓa yi masa shaguɓe a taron manema labarai a 2017, don haka in ana maganar Washington da idon da ya gani yake magana.

Amma ni gwanina Goodall ne, ba na ɓoyewa. Shi ne ƙaraminsu, ɗan talakawan Birmingham, mahaifinsa ya yi aiki a masana'antar motoci ta Longbridge, kuma kana jin haka a yadda yake kallon kowace doka. In ana zancen haraji ko kuɗin haya ko layin asibiti, shi ne zai dawo da maganar kan wanda albashinsa ke ƙarewa kafin wata ya ƙare. Ga tarihi a kansa: sai ya ɗauko rikicin yau ya haɗa maka da abin da ya faru zamanin firaminista Thatcher ko Blair, ka ga ashe tsohon gyambo ne ya fashe.

Akwai masu ƙorafi, kuma na saurare su da kyau. Wasu sun ce suna yawan katse juna da dariya. To ai wannan ne gishirin! Zaman nasu kamar teburin mai shayi ne, sai dai waɗanda ke kan bencin sun sha zama gaba da gaba da shugabannin da ake magana a kansu. Wasu kuma tallace-tallacen ne ke damunsu, ni kam na yafe, tunda kyauta nake saurare.

Babban zargin shi ne son kai: wai ba sa ƙaunar 'yan jam'iyyar Conservative, ba sa ƙaunar Trump. Gaskiya ne suna faɗin ra'ayinsu fiye da yadda BBC za ta bar su. Maitlis da kanta ta bayyana dalili a laccar da ta gabatar a Edinburgh a Agustan 2022, inda ta ce lokacin muhawarar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai cikin 'yan mintuna ake samun ɗimbin masana tattalin arziki masu fargabar ficewar, a shafe sa'o'i ana neman guda mai goyon baya, sannan a zaunar da ɗaya da ɗaya kamar kan masana ya rabu biyu daidai. Na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Kuma da jam'iyyar Labour ta ci zaɓe a Yulin 2024, ba su raga wa shugabanta Keir Starmer ba, ko a kan kyautar tufafin da ya karɓa, ko a kan yanke tallafin ɗumama gida na tsofaffi.

Mu da muka tashi da rediyo a kunne mun san daɗin muryar da ka amince da ita. Nemi shirin a Global Player ko Spotify, ka fara da na yau ɗin nan. In kuma siyasar Amurka ce ta fi ɗaukar hankalinka, tun 2023 Maitlis da Sopel suka buɗe The News Agents USA, shi ma kada ka bari ya wuce ka.