Ziyarar Kusugu da Gobarau: Kai, Madalla!

Duk wanda ya kawo shawarar ziyarar nan da Islamiyyar unguwarmu ta shirya daga Dutsi zuwa Daura da Katsina, Allah Ya saka masa da Aljanna. Daura ba baƙon gari ba ne a wurinmu, kasuwa da biki suna kai mu. Amma zuwa cin kasuwa daban, zuwa da malami a gaba yana fassara maka abin da idonka ke gani daban.

Da hantsi muka bi ta Shargalle, ba mu zame ko'ina ba sai Rijiyar Kusugu. Jama'a, rijiyar nan! Tun muna yara ake ba mu labarin macijin nan Sarki da ya hana mutanen gari ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, da baƙon nan Bayajidda da ya taso daga Bagadaza, ya yada zango a Barno, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare ya sare kan macijin. To ga ka tsaye a bakinta, cikin ginin da aka kewaye ta da shi, ana zura guga ana jawo ruwa mai sanyi. Tsofaffin matan da ke cikinmu har da cika gora. Ni ma na sha, na ƙara.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda Malam ya bi da zancen. Bai ce mu haɗiye komai ba, bai kuma yi wa labarin kakanni dariya ba. Ya rarrabe mana abin da yake riwayar baka, kamar tasowar mutanen Daura daga ƙasar Kan'ana da jerin sarauniyoyi tun daga Kufuru har zuwa Daurama, da abin da aka rubuta da shekararsa, kamar shigowar Malam Isiyaku da tutar jihadi a 1805, lokacin da tsohon gidan sarauta ya koma Zango da Baure. Wani yaro ya tambaya ko ruwan yana da tubarraki. Malam ya ce, "Sha ka yi bismilla, ɗana, mai ba da albarka Allah ne." Shi ke nan, an wuce wurin ba gardama.

Fadar Sarkin Daura kuwa, sai wanda ya gani. Ka ɗaga kai a cikin soro ka ga bakan gizo sun haɗu a tsakiya, azara da ƙasa kawai, ba ƙarfe ba siminti. Waje rana na ƙuna, ciki sanyi kamar randa. Wani magini da muka je da shi ya ƙi fitowa, yana ta shafa bango yana girgiza kai. A nan gidan ake ajiye takobin da ake dangantawa da Bayajidda, daga nan ne kuma Mai Martaba Alhaji Faruk Umar Faruk, wanda ya hau gado a 2007, ke fitowa hawan Sallar Gani a watan Maulidi.

Katsina mun iske ta da la'asar, a gurguje. Duk da haka hasumiyar Gobarau, mai tsawon kusan mita 15, ta sa kowa ya yi shiru: ginin ƙasa da ya ga ɗaruruwan damina yana nan tsaye. Muka yi wa Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, addu'a, muka kamo hanya.

A mota wani malamin firamare ya ce Yahudawa, duk warwatsuwarsu a duniya, kowace shekara sukan yi ayari daga Faransa da wasu ƙasashe zuwa tsibirin Jarba a Tunusiya, su ziyarci tsohon wurin ibadarsu tare da 'ya'yansu. Su sai sun hau jirgi. Mu namu kuɗin mota ne kawai da ƙullin fura.

Malaman Islamiyya da shugabannin makarantu na Dutsi, don Allah ku sa wannan ziyara cikin tsarinku na shekara, ku kuma daidaita ta da Sallar Gani mai zuwa. Ni dai a rubuta sunana tun yanzu.